Kada A Yar Da Riga Saboda Laifin Zare

Duk wanda ya ratsa layukan teloli a Fagge ta Kano, ko cikin birnin Zariya, a goman ƙarshe na watan azumi, ya ji yadda kekuna ke kwana suna ruri, ya kuma ga shadda tsibi-tsibi tana jiran layi, zai tabbatar da cewa adon da kakanninmu kan shafe watanni suna fitarwa da allura da zaren tsamiya, irin su aska biyu da aska takwas, yau na'ura ce ke kammala kwatankwacinsa tsakanin hantsi da la'asar. Wannan ni'ima ce wadda ba mai musunta sai mai butulci, domin da ita talaka ya sami rabonsa na ado. Amma tare da ita wata asara ta shigo gidajenmu a ɓoye, wato tufafi masu nagarta da ke kwance a ƙasan akwati shekara da shekaru, ba su yage ba, ba su koɗe ba, illa dai an ɗora musu aikin da masu su ke jin nauyin fita da shi.

Dalilan haka sanannu ne. Wani ya sayi Getzner mai tsada a Kantin Kwari, ya miƙa wa tela bisa amana, shi kuwa tela, ba tare da shawara ba, ya zuba mata zare mai ƙyalƙyali wanda bai dace da shekarun mutumin ko matsayinsa ba. Wani ya zaɓi rigar sanyi daga dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, sai da ya isa gida wani mai ilmin boko ya karanta masa abin da ke ƙirjinta, ashe tambarin kamfanin giya ne, ko wata kalmar batsa. Wata kuma an raba mata mayafi mai sunan ɗan takara, zaɓe ya wuce, ƙawance ya watse, suna ya rage. A ra'ayina, jingine irin waɗannan tufafi har asu ya cinye su almubazzaranci ne, alhali kuwa maganin abin bai wuce reza da allura da haƙuri ba.

Muna da abin koyi a Sunna, domin Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta taɓa rataya labule mai hotuna, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙyamarsa ga abin, sai aka yanka labulen aka yi matasai da shi. Mai hankali zai lura cewa aibin da ke jikin ƙyallen aka kawar, shi kuwa ƙyallen aka ci gaba da cin moriyarsa. Wannan ita ce ƙa'idar da ta kamata mu riƙe.

Ita warwara tana da ladubbanta. Tun da yake ɗinkin keke zare biyu ne masu riƙe da juna, na sama wanda ido ke gani da na ƙasa wanda ke ƙulle shi, wajibi ne a juya rigar baibai, a ɗame wurin a kan yatsu, a bi zaren ƙasa da bakin sabuwar reza a hankali, ana yanka kaɗan ana dubawa, kuma idan akwai takardar nan da ake shimfiɗawa a bayan aikin kwamfuta, a bar ta sai daga ƙarshe, domin ita ce garkuwa tsakanin reza da yadi. Bayan haka a komo ta fuska, a riƙa ɗaga zaren sama da tsinin allura. Wanda ya taho a zare shi, wanda ya ƙi kada a fizge shi, a koma baya a nemi inda bai yanku ba. Idan an gama, a kaɗe burbushin zare, a yayyafa ruwa, a murza wurin da farce bisa tsawon saƙa domin kafofin allura su haɗe, sannan a goge. Aikin sarƙa ya fi kowanne sauƙi, domin in an dace da bakin zarensa na ƙarshe, ja ɗaya kan warware layi guda.

Sai dai gaskiya ita ce ba kowane aiki ne ke karɓar warwara ba, kuma wanda ya dage a inda bai kamata ba, garin neman gira zai rasa ido. Shadda mai sheƙi, wadda allura ta ratsa sau dubbai a wuri ɗaya, ba ta mantuwa da rauni. Tsohuwar riga kuma, wadda rana da wanki suka rage wa launi, takan bar inuwar aikin a fili, saboda yadin da ke ƙarƙashin zare bai koɗe tare da sauran ba. A nan sutura ta fi cirewa. Ana iya ɗora aljihu a kan tambarin ƙirji, ko a kewaye wuya da ƙyallen da ya rage na yadin, ko a kai wa masu aikin hannu su zana wani fasali mai faɗi wanda zai haɗiye na farko. In kuwa rini aka zaɓa, kamar na marinar Ƙofar Mata, to a sani zaren roba ba ya shan baba, saboda haka sai an cire shi tukuna, in ba haka ba riga za ta yi duhu, aikin ya ƙara fitowa. Abin da ya gagari duk wannan, a rage shi ya zama rigar yaro.

Na san hujjar teloli, cewa a lokacin da za a ɓata wajen warware wuya ɗaya an ɗinka sababbi uku, mai riga kuma ba ya son biyan ladan gyara. Hujja ce mai ƙarfi, kuma laifin namu ne mu masu kai ɗinki, da muke ɗaukar gyara tamkar alfarma, ba ƙwadago mai haƙƙi ba. Idan muna son a ceto mana yadin dubban nairori, lalle ne mu biya wanda ya sunkuya yini guda yana tsintar zare gwargwadon wahalarsa. Idan kuwa kuskuren daga tela ne, adalci shi ne ya gyara da kansa, domin abin da aka ba shi amana ce.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin teloli da su sanya warwara da sutura cikin abin da ake koya wa yaran shago kafin a yaye su, su kuma wajabta wa mambobinsu nuna zane da launin zare ga mai kaya kafin allura ta sauka. Mu kuma, kafin mu nufi kasuwa neman sabon yadi a sallar bana, mu fara buɗe akwatunanmu, mu fito da abin da muka jingine, mu kai wa mai gyara, mu biya shi da daraja.