Ruwa Ba Ya Dawo da Abin da Iska Ta Kwashe: Raddi Kan Gyaran Busasshiyar Tabar Habano

Kwanakin baya wani ɗan'uwa marubuci ya fitar da maƙala kan yadda ake farfaɗo da tabar nan ta ganye zalla mai naɗin hannu, wadda mutanen Kuba ke kira habano, idan ta bushe. Alƙalaminsa da daɗi, amma wanda ya bi shawararsa zai yi asarar kayansa. Na yi aiki a wani shagon taba a Landan lokacin ina ɗalibi, kuma mafi yawan kurakuran da ya yi kira a yi, ni na riga shi yin su.

Ba hukuncin shan taba ya kawo ni ba. Malamai suna wannan muhawara tun zamanin Ahmad Baba na Tambutu, likitoci kuma sun tabbatar tana jawo ciwon dajin baki da na maƙogwaro ko da ba a kai hayaƙin huhu ba. Maganata a kan ganye da ruwa da iska take. Zan kawo abin da ya ce, in bi shi da amsa.

Na farko. Ya ce dare ɗaya ya isa: a yayyafa wa karan ruwa kamar yadda ake yi wa goro, ko a bar shi a banɗaki tururin ruwan zafi ya ratsa shi.

Na ce ƙiyasin bai hau ba. Goro ɗanye ne, da ruwansa a jiki, ganyen da ake lulluɓe shi da shi a huhu tsare masa ruwan kawai yake yi. Habano kuwa ganye ne da aka shanya, aka tsima, aka naɗe hawa uku: cikon ciki da ake kira tripa, sai capote mai ɗaure shi, sai capa, siririyar rigar waje. Gindin kara a buɗe yake. Idan danshi ya afka masa lokaci guda, cikon ya sha ya kumbura, rigar da ta ƙeƙashe ba ta iya miƙewa, sai ta dare. Ganyen riga na Kamaru, wanda ake nomawa a can da kuma Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya fi saurin wannan tsagewa saboda rashin kaurinsa.

Na gani da idona. Wani dattijo ya kawo mana akwati guda da ya mance a aljihun tebur kusa da na'urar ɗumama ɗaki. Ka matsa kara a kusa da kunne, sai ka ji yana ƙara kamar karmami. Don in burge maigidana, na sa su a roba da jiƙaƙƙen soso na rufe. Washegari na buɗe, fiye da rabi sun fashe daga gindi kamar rogon da ya wuce dahuwa. Maigida bai yi faɗa ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce sun yi wata da watanni kafin su bushe haka, ni kuma ina so su dawo kafin gari ya waye.

Hanyar da ke aiki hawa-hawa ce. A sa su a mazubi mai rufuwa gam, a fara da danshin kashi 62 cikin ɗari na kamar mako biyu, a ƙara zuwa 65, sannan 69, ana jujjuya su lokaci-lokaci. Ƙunshin daidaita danshi na Boveda yana zuwa da waɗannan lambobi, yana ba da danshi in ya yi ƙasa, yana tsotsewa in ya yi yawa. Aikin wata ɗaya ne zuwa biyu, wani lokaci ma ya zarce. Sauri ya haifi nawa.

Na biyu. Ya ce da zarar karan ya yi laushi, ya koma sabo fil.

Na ce a nan ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Abin da ke fita daga ganye in ya bushe ba ruwa kaɗai ba ne, har da man da ke ɗauke da ƙamshinsa, wanda ƙasar Vuelta Abajo ta lardin Pinar del Río da doguwar tsima suka sa masa. Ruwa yana komawa, man ba ya komawa. Karan da ya yi mako biyu a waje zai farfaɗo kusan yadda yake. Wanda ya shekara a bushe zai yi laushi, zai kama wuta, amma ƙamshinsa ya tafi, sai ɗaci da lami. Mai sayarwa da ya gyara irin wannan ya miƙa wa mutum a kuɗin sabo, ya yi algus.

Na uku. Ya ce danshi ba ya yawa, a kai shi 80, a yi amfani da kowane ruwa, a jefa yankan tuffa ko ɗigon giya don ƙamshi.

Na ce kamfanin Habanos, wanda aka kafa a 1994 kuma shi ke fitar da tabar Kuba zuwa duniya, ya ba da ma'auni: danshi 65 zuwa 70, zafi digiri 16 zuwa 18. Idan aka haura haka sosai, ganye ya cika ya toshe hanyar iska, wuta ta riƙa mutuwa, gefe ɗaya ya ci ya bar ɗaya, daga nan sai funfuna. Ruwan famfo yana da gishiri-gishirin da ke toshe soson da ke ba da danshi, yana kuma iya zuwa da ƙwayoyin funfuna, shi ya sa ake amfani da tataccen ruwan da aka samo daga tururi. Tuffa kuwa ruɓewa take yi. Ganyen taba yana ɗaukar warin duk abin da ya kwana da shi, kuma ba ya sakinsa.

Na huɗu. Ya ce a ƙasashe masu zafi firji ne mafita.

Na ce ya gane cutar, ya kuskure maganin. Zafi abin tsoro ne, domin ƙwaron taba, Lasioderma serricorne, yana ƙyanƙyashewa idan zafi ya wuce digiri 23 ko kusa da haka, tsutsarsa ta huda karan, ka ga ramuka kamar bakin allura da gari a ƙasan akwati. Amma firjin gida tsotse danshi yake yi, ga warin kifi da albasa, ga raɓar da ke sauka a kan kara in an fito da shi. Daskarewa maganin ƙwaron ne, na kwana kaɗan: a ƙulle karan a leda mai rufuwa, ya kwana a firji, ya yi kamar kwana uku a daskarewa, ya sake kwana a firji kafin ya koma akwati. Wurin zama kuwa shi ne ɗakin da ya fi sanyi a gida, nesa da rana.

Na biyar. Ya ce akwatin danshi mai tsada ba dole ba ne, kuma yatsa ya fi kowane ma'auni.

Rabin farko na yarda da shi, adalci ne in faɗa. Roba mai rufuwa gam tana riƙe danshi fiye da akwatunan ado da yawa. Amfanin akwatin katako shi ne icen da ake shimfiɗa masa a ciki, Cedrela odorata, ɗan dangin maɗaci da dogon yaro, wanda ke shan danshi yana sakinsa a hankali. Sai dai sabon akwati ƙishirwa yake ji: in ba a shayar da shi na kamar mako biyu ba, daga jikin tabar zai sha.

Rabi na biyu ne ban karɓa ba. Yatsa rigar waje yake taɓawa, bai san halin ciki ba. Shi kansa ma'aunin danshi sai an gwada shi, kuma gwajin ba ya cin ko sisi. A cika murfin kwalba da gishiri, a ɗiga ruwa ya jiƙe ba tare da ya narke ba, a rufe shi da ma'aunin a leda har kwana guda. Dole ya nuna 75. In ya nuna 71, ka san yana rage huɗu, ka riƙa ƙarawa a lissafi.

Malam, da maƙalarka ta tsaya kan tsaro da ta fi amfani, don ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya zo da akwatinsa Kano ko Damagaram ya sani danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Kada ya jira sai ya ji ƙarar karmami. Ranar da leɓensa ya fara tsagewa, tabar da ya bari a buɗe ta riga shi.