Kafin Su Yi Mafarkin Dubai, Su Fara Ganin Maraɗi

Duk ƙarshen zango, idan muka tambayi 'yan aji shida abin da suke son zama, amsa ba ta wuce likita, soja ko jami'in kwastan. Na ukun ba abin mamaki ba ne ga yaron da ya tashi yana kallon manyan motoci suna jerin gwano a Magama. Amma ba mu taɓa jin wanda ya ce zai zama mai tsara filaye da muhalli ba, kuma laifin namu ne, domin yaro ba ya burin sana'ar da bai taɓa jin sunanta ba.

Wannan masani shi ne wanda ke duba fili kafin a aza tubali, ya ce ga inda ruwa zai bi, ga inda za a dasa itatuwa su tare iska, ga kwarin da bai kamata a yi gida a cikinsa ba. Duk wanda ya kwana a Jibiya a daren ambaliyar watan Yulin 2018, wadda ta ci rayuka sama da 40 ta kuma rushe ɗaruruwan gidaje, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani kan amfanin irin wannan mutum. Ruwa ba ya manta hanyarsa, mu ne muke mantawa mu yi gini a kai.

Hanyar karatun ba ɓoyayya ba ce. Yaro ya riƙe lissafi, labarin ƙasa, aikin gona da zane tun daga sakandare. Daga nan yana iya shiga ta ƙofar zanen gine-gine, ko tsara birane, ko ilimin gandun daji. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da digiri na biyu a wannan fanni. Sai dai kada mu yaudari kowa: guraben aikin gwamnati kaɗan ne, kuma mai wannan ilimi sau da yawa sai ya fara da gandun renon itatuwa nasa na kansa kafin a san da shi.

Inda muka fi son jan hankali shi ne batun tafiya. Tsofaffin ɗalibanmu da suka kai jami'a, in sun zo hutu, hotunan lambunan Dubai suke nuna mana a waya, ciyawa shar, ruwa na tsartuwa. Muna yaba kyansu, amma wannan lambu ne na mai kuɗin tace ruwan teku. Darasin da ya dace da ƙasarmu yana nan bayan Ɗan Isa, tafiyar da ba ta kai yini ba.

A yankin Maraɗi ne, tun daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman karkara suka lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na raye a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare tohon duka, sai manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya kare su har su zama itace. Suka kira shi sassabin zamani. Ba a sayi irin dashe ba, ba a ɗauki ruwa a jarka ba. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Ɗalibi ya je ya tsaya a ƙarƙashin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya kuma yi ganye da rani lokacin da dabbobi ke neman inuwa. Ya tambayi mai gonar dalilin da ya sa ya bar wannan ya cire wancan. Amsar da Hausa za a ba shi, ba ya bukatar tafinta.

Mu kanmu muna da abin koyo a nan. Sau nawa aka kawo mana dogon yaro ranar bikin dashen itatuwa, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, kafin wata ya zagayo awaki sun gama da su? Har yau akwai makarantun da yara ke layin safe a fili fetal, alhali kututturan da za su iya tohowa suna nan a bakin katanga.

Tafiyar tana da sharuɗɗa, kuma ba za mu ɓoye su ba. An rufe wannan iyaka a 2019, ba a buɗe ta ba sai 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka buɗe a Maris ɗin 2024. Don haka a bincika halin da ake ciki kafin a ɗaura niyya. A bi ta ƙofa, da fasfo da katin rigakafin shawara da takardar makaranta, a guji hanyar daji komai arhar ɗan acaɓa. A canza sefa tun daga gida, a fita da hantsi, a kwana inda aka san mutum. Kowa ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa ƙauyukanmu, kuma uban da ya ce ɗansa ba zai je ba, ba za mu ga laifinsa ba. Wanda zai ɗauki hoto ko ya zana taswira ya nemi izini tukuna, musamman kusa da shingen jami'an tsaro.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ta Jibiya zai ratsa. Tasha za ta jawo kasuwa da sababbin unguwanni, kuma wani ne zai yanke shawarar inda magudanan ruwa za su bi. Muna roƙon shugabannin reshenmu su sa wannan batu a ajandar taro mai zuwa: a gayyato malamin gandun daji ya yi wa 'yan aji shida magana, kowace makaranta kuma ta zaɓi kututture biyar ta fara renonsu kafin damina ta sauka.