Tasawa da Mayahi: ko tokar masana'antu za ta tsayar da gidajen laka?

Damanar 2024 ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Da yawa ba ruwa ne ya tafi da su ba, ɗaki ne ya rufta musu. Tun daga nan tambaya ɗaya ke yawo a bakin magidanta a Tasawa da Mayahi: da me za a sake gini? Bulon siminti ya fi ƙarfin aljihun talaka duk da masana'antun Malbaza da Badagishiri, ga shi da zafi in bazara ta yi. Gasa tubali kuwa sai da itace, kuma wanda ya san halin da goriba take ciki a Gulbin Kaba ba zai ba da wannan shawara ba.

Shi ya sa ake maganar tubalin da ake yi da sharar masana'antu. A Nijar misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Sonichar, da ke ƙona kwal a Anu Araren kusa da Cirozerin tun farkon shekarun 1980 domin samar da lantarki. Tokar ta taru tsibi-tsibi. Masu bincike na cibiyar 2iE ta Wagadugu sun gwada cuɗa ta da jar ƙasa da siminti kaɗan, suka matse a inji ba tare da gashi ba, sakamakon ya fito a 2013. Tubalin ya yi ƙarfin da za a iya gini da shi, kuma bai kai bulo nauyi ba.

Dabarar ma ba baƙuwa ba ce. Laso da magina ke shafe soraye da shi a ƙasar Hausa, da katsin marina ake haɗa shi, da gashin da majema ke zubarwa, da dafara. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa take.

Matsalar ita ce nisa. Tsakanin Cirozerin da Tasawa akwai ɗaruruwan kilomita, kuɗin kamyo kaɗai zai cinye duk rangwamen. Abin da ke kusa shi ne ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi da kara, amma waɗannan ba shara ba ce a wurinmu: masu kiwo da mata masu girki suna rububinsu. Kuma ba kowace shara ake sa wa hannu ba. A 2009 an gano tarkacen ma'adinin yuraniyom mai fitar da guba a titunan Akokan, kusa da Arlit.

A ganina, abin da ya fi dacewa da gundumomin biyu shi ne tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, a sa masa siminti kaɗan, irin wanda aka gina masallacin Dandaji da shi a jahar Tawa a 2018. Injin hannu ne, matasa huɗu ko biyar za su iya sarrafa shi. Ma'aikatun magajin gari na iya fara gwada shi a azuzuwan da ke maye gurbin na zana, jama'a su gani da idonsu bayan damana biyu ko uku. Sai dai ko da wane tubali aka yi gini, in an kafa harsashi a hanyar ruwa ko bakin kududdufi, kuma ba a ɗaga gindin bango da dutse ko siminti ba, ta ƙasa ruwan zai fara ci.