Ba Kowane Ƙwaro Ne Maƙiyin Mai Lambu Ba

Jama'a masu lambu, akwai wata al'ada da ta shigo mana wadda ni dai ban yarda da ita ba. Watau mutum ya ɗauki famfo kowane mako ya bi tumatir da kuɓewa da kabeji yana feshin magani, ko ya ga ɓarna ko bai gani ba. Wannan asarar kuɗi ce, kuma garin neman ƙiba ana samo rama. Ga dalili.

A cikin lambu akwai ƙwari iri biyu, masu cin shuka da masu cin waɗancan. Darɓa da farin ƙuda suna tsotse ruwan ganye, tsutsa kuwa tana huda 'ya'ya. Amma Allah ya yi musu abokan gaba. Akwai ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi, mai ƙyalli, kamar rabin ƙwayar wake. Guda ɗaya ya kan cinye darɓa wajen 50 a yini. Ɗansa baƙi ne mai tabon ruwan goro, siffarsa kamar ƙaramin kada, shi ma darɓa ya ke ci, amma sau da yawa a kan murtsuke shi don rashin sani. Sai dai a lura, yana da ɗan'uwa mai dusashen launi wanda ke kankare ganyen kabewa da kankana, wannan maɓarnaci ne. Zanzaro da rina suna kwasar tsutsa su kai wa 'ya'yansu. Ƙoƙiƙoƙi da gizo-gizo suna farauta a kan ganye, kwaɗo kuwa yana tasa da dare a ƙasa. Duk waɗannan 'yan ƙodago ne da ba su neman lada.

To, maganin feshi mai ƙarfi ba ya tambayar wane ne ɓarawo, wane ne mai gadi, duka ya ke kashewa. Darɓa kuwa haihuwa ta ke yi ba sai da namiji ba, kuma cikin mako guda 'yarta ta isa haihuwa. Saboda haka ita ke riga dawowa, ta tarar babu mai hana ta. Sa'an nan waɗanda suka tsira su ne masu taurin rai, jikokinsu ba sa jin maganin.

Mun ga aya a 2016, sa'ad da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne, ta cinye tumatir a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta sa dokar ta-ɓaci. Tana shiga cikin naman ganye ne, inda feshi ba ya kai mata sosai. Mun kuma ga ɗaya gefen. Lokacin da wani farin ƙwaro ya addabi rogo a Afirka, masanan IITA ta Ibadan suka saki wani ɗan ƙaramin zanzaro a 1981, shi ya karya lagonsa.

Shawarata ita ce, ku riƙa zagaya lambu sau biyu a mako da sassafe, kuna juya bayan ganye. In kun ga darɓa tare da masu cinta, ku dakata kwana uku ku sake dubawa. Tsutsa kaɗan a tsince ta da hannu, ruɓaɓɓun 'ya'ya a binne su. In abin ya yi yawa, a daka 'ya'yan darbejiya, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma a inda ɓarnar ta ke kaɗai. In lalle sai maganin kanti, a nemi malamin gona tukuna, a kuma kiyaye kwanakin da aka rubuta kafin a ɗebi kaya zuwa kasuwa, don 'ya'yanmu ne za su ci.

Allah ya ba mu albarkar lambu, amin.