Fasfon Ɗan Sarauta da Lambar Wuyan Talaka

A gidajen gwanjo na Turai akwai wata kasuwa da ba kasafai labarinta yake iso mana ba, wato kasuwar tsofaffin fasfo. Masu hannu da shuni suna ribibin sayen takardun tafiya na 'yan sarautar Jamus na ƙarni na 19, su sa cikin gilashi, su yi ta yabon kyan rubutu da jan hatimi da tambarin gaggafa. Muddin sunan mai takardar yana ɗauke da "von", alamar gidan sarauta, to farashi ya tashi ke nan. Wai sunan wannan abu adana tarihi. Mu kuwa tambayarmu ita ce: tarihin wa?

Ba mu musa cewa takardun suna da kyau ba. Falle guda ne babba, kuma da yake ba a fara manna hoto ba sai da yaƙin 1914 ya ɓarke, akan siffanta matafiyi da alƙalami, daga tsawonsa har launin idonsa. Amma fasfo ba kayan ado ba ne. Takarda ce ta iko, wadda take buɗe wa wani hanya, ta rufe wa wani.

'Yan'uwa ɗalibai, ga labarin fasfo guda ɗaya tak. Yesko von Puttkamer ɗan babban gida ne, ubansa ya yi ministan cikin gida na Furusiya. Shi ne gwamnan Jamus a Kamaru daga 1895, kuma a zamaninsa ne sojojin Jamus suka ci Garwa a 1901 da Marwa a 1902, saboda haka ba baƙo ba ne ga tarihin Adamawa. Wannan gwamna ya kawo farkarsa Kamaru, ya gabatar da ita a matsayin 'yar'uwarsa, ya ba ta fasfo da sunan ƙarya na 'yar sarauta. A 1905 sarakunan Akwa na Duwala suka rubuta wa majalisar dokokin Jamus koke kan bulala da aikin tilas da rushe gidaje. Maimakon a bincika, sai aka mayar da takardar hannun hukumar da ake ƙara, aka yanke wa Sarki Akwa ɗaurin shekara 9 kafin surutu ya sa a rage. An doke ka, an hana ka kuka. Shi kuwa gwamna, da aka gurfanar da shi gaban kotun ladabtarwa a 1907, maganar fasfon nan ce ta fi tsone wa manyan Balin ido, aka tsawata masa, aka ci shi tarar mark 1000. Ashe ɓata sunan sarauta a kan takarda ya fi ɓata bayan mutum da bulala nauyi!

A wannan shekara ta 1907 ɗin, a ƙasar da yau ake kira Namibiya, bayan Janar Lothar von Trotha ya ba da umarnin shafe Herero a 1904, Gwamna von Lindequist ya kafa dokar fas. Duk baƙar fatar da ya wuce shekara 7 tilas ya riƙe wata 'yar lambar tagulla mai ɗauke da kambin sarki da lambar rajista, galibi rataye a wuya, kuma kowane Bature yana da ikon tsayar da shi ya ce ya nuna. Wannan shi ne fasfon talaka. Babu suna a jikinsa, balle launin ido. Abin takaici, har waɗannan lambobi sun shiga gwanjo, masu tara tsofaffin kuɗi suna cinikinsu kamar anini.

Jamusawa da kansu sun soke gatan 'yan sarauta a tsarin mulkinsu na 1919, muƙami ya koma ɓangaren suna kawai. Amma sai a 2021 gwamnatinsu ta amince a hukumance cewa abin da aka yi wa Herero da Nama kisan ƙare dangi ne. A tsakanin waɗannan shekaru, mulukiyar da doka ta binne, kasuwa ce ta yi ta tono ta tana goge mata ƙura.

Za a ce mana ba kowane ɗan sarauta ne ya taka Afirka ba, yawancinsu wurin shan iska kawai suka je. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ƙona ko falle ɗaya ba. Abin da muke cewa shi ne, takardar da hukuma ta buga wa hatimi shaida ce, wurinta gidan adana tarihi na jama'a, inda ɗalibi daga Duwala ko Garwa zai nema a ba shi. In ta shiga akwatin attajiri, mai bincike ya rasa ta, sai ranar da magada suka sake fitar da ita gwanjo. Duk wanda zai baje fasfon ɗan sarauta a gilashi, ya ajiye lambar tagullar nan kusa da shi, ya rubuta shekarar kowanne a ƙasa.