Ba Kowane Fim Mai Fasto Ne Ke Ɗaukaka Allah Ba

'Yan'uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. A gidajenmu, da zarar fim ya ƙare da fasto yana addu'a, sai mu ce ai na Kirista ne, mu bar ƙannenmu gabansa. To, ku lura da finafinan Nollywood da yawa: boka ya kwashe awa biyu yana baje ikonsa, Yesu kuwa minti biyar na ƙarshe aka rage masa. Wa yaro zai tuna in dare ya yi? Bokan mana. Gobe ya fara yi wa kakarsa kallon mayya.

Amma sai a hana mu 3 Idiots na 2009 don kawai na Indiya ne, alhali yana tsawata wa iyaye masu tilasta wa 'ya'yansu karatun da ba sa so. The Passion of the Christ na 2004 ya sa mu hawaye, duk da haka jinin da ke cikinsa ya fi ƙarfin ɗan shekara shida.

Kada mu auna fim da sunansa ko ƙasarsa. Mu tambaya: wa ya ɗaukaka, wane tsoro ya shuka? Ubangiji ya ba mu hikimar rarrabewa. Amin.