Muryoyin 'Yan Gida Ɗaya

Duk wanda ya taɓa sauraron "Mai Dubun Nasara", waƙar da marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya san ba kiɗan kotso kaɗai ke sa tsikar jiki ta tashi ba. Abin da ke kama zuciya shi ne muryoyin. Jagora ya ɗauko zance, kafin ya dire wasu 'yan amshi sun karɓe, wasu kuma sun ɗora a kai, muryoyin su sarƙu kamar igiyar da aka tufka da kyau.

Mene ne asirin wannan daɗi? Mu a ganinmu, gida ne. Ɗanƙwairo ya tashi a gidan kiɗa a Maradun. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne, shi kuma ya daɗe yana yi wa wansa Kurna amshi kafin ya ci gashin kansa. Daga baya 'ya'yansa ma suka shiga sahun masu amsa masa. Waɗanda suka tashi ɗaki ɗaya, suka ci a akushi ɗaya, harshensu iri ɗaya ne, kuma kowa ya san inda ɗan'uwansa zai ja numfashi. Ba a koyon wannan a wata guda.

Mu ma a Birnin Kudu da Gwaram muna da irin wannan baiwa, sai dai tamu ba a fada take ba, a gindin turmi take. Idan ya da ƙanwa suka kama lugude, taɓare biyu na faɗawa bi da bi, yayar ta ba da waƙa, ƙanwar ta amsa da siririyar murya. Wadda ta daina sauraron 'yar'uwarta, nan take taɓare za su yi karo. Ashe waƙar tarbiyya ce: ka saurara, ka jira lokacinka, ka rufa wa ɗan'uwanka asiri in ya kuskure.

Ga abin da ke damunmu. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, amma muryarsa na nan a faifai. Waƙoƙin iyayenmu mata fa? Injin niƙa ya rage musu wahala, mun gode Allah, amma ya tafi da waƙar. Duwatsun kiɗa na Birnin Kudu za su daɗe bayanmu, murya kuwa da mai ita ake binne ta.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, idan mun je hutu kada mu raina kakanninmu. Mu roƙe su su rera mana, mu ɗauka a waya, mu rubuta. Sa'an nan kowa ya jawo ƙanensa ko ƙanwarsa su koya tare, domin waƙar mutum biyu ce. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.